Dubiyar Likita Uwaisu

A Kwarin Gawo duk wanda ya sa farar riga ya riƙe allura likita ne, ko da makarantar koyon aikin lafiya kawai ya yi. Uwaisu bai taɓa cewa a kira shi haka ba, amma a faɗi gaskiya bai taɓa hanawa ba. Idan ya hau babur da safe ya ratsa ta tsakanin gonakin dawa da gyaɗa, daga nan da can sai ka ji an ɗago daga noma ana "Likita, an fito?" Shi kuma ya ɗaga hannu ɗaya, ransa fes. Albashinsa ba ya ganin tsakiyar wata, babur ɗin ma sai an tura yake tashi. Abin da ya mallaka a duniya guda ɗaya ne: uwa ta miƙo masa hannun ɗanta ta kau da kai, hankalinta kwance.

Asibitin nasu irin na sha-ka-tafi ne, ɗaki uku da baranda, a gefen hanyar da ta taso daga Makoɗa ta nufi Ɗambatta. Ma'aikata uku ne a ciki. Akwai Malam Tasi'u incaj, wato shugaban asibitin, wanda ya fi sanin otal-otal ɗin da ake yin bita a Kano fiye da ɗakin allurar asibitinsa. Akwai Asama'u ungozoma. Sai Uwaisu, wanda duk abin da ba karɓar haihuwa ba, ba kuma sa hannu a takarda ba, nasa ne.

Daminar da ta biyo bayan korona, mutane ba su gama miƙewa daga kulle da tsadar hatsi ba, sai cutar amai da gudawa ta sauka. Gadaje suka cika, baranda ta cika, aka koma shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiyar da ke tsakar asibitin, ana rataye ledojin ƙarin ruwa a rassanta. Daga ƙauyukan kewaye ake kawo su, wasu a babur an sa su a tsakiya, wasu a amalanke, har daga wajen Watari. Wasu suka koma gida da ƙafarsu. Wasu kuwa, yawanci ƙanana, a naɗe a tabarma aka fita da su. Uwaisu ne ke durƙushe a kan kowa yana neman jijiya, kuma shi iyaye ke kallo idan numfashi ya tsaya.

Tun daga nan barci ya ƙaurace masa, abinci ya koma masa kamar dusa. Bai gaya wa kowa ba, don wa ake gaya wa irin wannan? A ce maka "Ya aiki?" ka ce "Da godiya." A ce "Ina gajiya?" ka ce "Ba gajiya." Mu mutane ne da za mu amsa ba gajiya muna dafe da bango don kada mu kife, wanda ya yi tambayar kuma ya riga ya yi gaba kafin mu rufe baki.

Ana cikin haka aka bugo wa Malam Tasi'u waya daga ƙaramar hukuma, aka ce wata malamar jami'a za ta zo bincike a kan lafiyar ƙwaƙwalwar ma'aikatan asibiti a lokacin annoba. Malam Tasi'u bai ɓata lokaci wajen tambayar mene ne wannan ba. Shi a saninsa baƙon birni iri ɗaya ne, tarbarsa ma iri ɗaya ce. Aka shafa wa duwatsun bakin ƙofa farar ƙasa, aka aro kujeru daga firamare, aka matsar da marasa lafiyar da jikinsu ya fi tsanani bayan gini, aka yanka zabi. Sannan ya tara ma'aikatansa, su biyun, ya yi musu huɗuba.

"Duk abin da ta tambaye ku, amsarsa Alhamdulillahi. Ba a san inda magana take zuwa ba. Yau sunansa bincike, gobe ka ji an yi maka tiransifa inda ko sabis babu."

Dakta Asiya Balarabe ta iso ranar Talata da hantsi, motarta ta sha taɓo har gilashi. Kada wani ya zaci mai girman kai ce. Wallahi mace ce mai kirki, kuma abin da take bincike a kansa ya dame ta da gaske. Ta yi shekaru tana karatu, har a ƙasashen waje, a kan yadda zuciyar mai jinyar mutane take gajiya ba wanda ya lura. Abin da kawai karatun bai gaya mata ba shi ne ranar Talata ranar awo ce a Kwarin Gawo.

Ta zaunar da su ta yi musu bayani dalla-dalla. Za ta gana da kowa shi kaɗai. Abin da mutum ya faɗa daga shi sai ita sai Allah. Ba za a rubuta sunan kowa ba, ba za a kai wa kowane shugaba ba. Ta maimaita kalmar sirri har Malam Tasi'u ya fara zargin lallai akwai abin da ake ƙullawa.

Shi aka fara da shi, a ofishinsa, ƙofa a wangale, don yana so kowa ya shaida. Tun daga bakin titi ana jiyo Alhamdulillahinsa. Barci, Alhamdulillahi. Cin abinci, Alhamdulillahi. Damuwa kuwa, ai musulmi ba ya damuwa, sai dai idan Dakta tana da hanya a sama, asibitin na buƙatar sola. Asama'u ta shiga bayansa aka tura ƙofa, mace da mace. Ta ce komai lafiya lau, ta tambayi maganin ciwon baya, ta fito tana gyara hijabi.

Da aka zo kan Uwaisu, aka shiga ɗakin allura, Dakta ta miƙa hannu za ta tura ƙofa, sai Malam Tasi'u ya yi gyaran murya.

"Hajiya, ai ba a yi haka ba. Ke matar aure, shi mijin wata. Idan ƙofar nan ta rufu, kafin la'asar an kai wa maigidanki labari a Kano. Mutuncinki muke karewa."

Dakta Asiya ta janye hannunta. Ita ma 'yar Kano ce, ta san ba ƙarya ya faɗa ba. Ta ce to a bar ƙofar rabi a buɗe. Malam Tasi'u da kansa ya ɗauko ɗaya daga cikin fararen duwatsun nan ya tokare ƙofar, ya koma ofis da nutsuwar wanda ya tsare addini da al'ada a lokaci guda. Bencin masu awo kuwa yana nan jingine da bangon ɗakin, cike da mata masu ciki.

"Malam Uwaisu, ya aiki?" in ji Dakta.

"Da godiya, Dakta."

Ta gyaɗa kai, ta ajiye wayar da ke naɗar magana a kan tebur, ta zuba masa ido. Uwaisu ya jira ta wuce gaba kamar yadda kowa ke yi, ba ta wuce ba. Shi tun da uwarsa ta haife shi ba a taɓa yi masa wannan tambayar aka tsaya jiran ragowar amsa ba. Shirun ya yi masa nauyi.

"Alhamdulillahi," ya ƙara, ko za ta sallame shi.

"Alhamdulillahi a kowane hali," ta ce a hankali. "Kana samun barci?"

Nan huɗubar Malam Tasi'u ta zube gaba ɗaya.

"Dakta, barci ai ya daɗe da tafiya. Da na rufe ido sai in ji ɗigar ruwan nan, ɗis, ɗis, a cikin kunnena. Ko tuwo iyalina ta ajiye min, warin maganin wanke-wanken nan nake ji a miyar. Ran nan na tashi zan tafi gida, sai tsintar kaina na yi a bakin kasuwar Makoɗa, ban san yadda aka yi na je ba. Wani lokacin kuma..." Ya dubi tafin hannunsa. "Wani lokacin ina riƙe da allura sai in ji kamar hannun ba nawa ba ne. Ina kallonsa yana aiki, ni kuma ina can gefe."

Daga nan sai kuka, kuka irin na babban mutum da ya daɗe bai yi ba, mai fita da ƙara kamar ana jan ƙarfe. Dakta ma idonta ya kawo ruwa. Ta ce masa wannan ba rauni ba ne, nauyi ne ya yi wa zuciya yawa. Ta koya masa yadda zai riƙa jan numfashi yana saki a hankali, ta ba shi lambar wani mai ba da shawara a Kano. A ranta tana cewa duk asibitocin da ta zaga ba ta samu hira mai daraja irin wannan ba.

A baranda kuwa, tun da aka gina asibitin ba a taɓa jin matan awo sun yi shiru irin na ranar ba. Ladabi ne, ai akwai baƙuwa.

Aka sa wa Dakta ragowar zabi da ƙullin gyaɗa a bayan mota, ta tafi tana ɗaga hannu. Matan ma suka watse, wasu ko awon ba su tsaya an yi musu ba. Maganar ta bi su gida, daga gida ta je rijiya, daga rijiya ta je injin niƙa, ta ƙarasa teburin mai shayi. Da ta bar baranda cewa aka yi Likita ya ce hannunsa ba nasa ba ne. A injin niƙa aka ce wani ne ke riƙe masa hannun. Kafin magariba kowa ya san gaskiyar lamari: mutanen ɓoye ne da ke zaune a darbejiyar asibiti suka shige shi, don ya mai da gidansu wurin rataye leda ba ko sallama.

Uwaisu ya dawo gida yana jin kansa sakayau, rabon da ya ji haka tun kafin damina. A zaure ya tarar da Inna, mahaifiyarsa, zaune tana sharar hawaye, matarsa Luba tana tsaye a bayanta ta rufe baki da gefen zane.

"Wa ya mutu?" ya tambaya.

"Ba kowa, ɗan nan," in ji Inna, da wata irin murya mai laushi da bai san ta da ita ba. "Zauna. Kawo makullin babur ɗin in ajiye maka."

To, a Kwarin Gawo ba a barin mara lafiya shi kaɗai. Wanda ya ji maƙwabcinsa na kwance bai taka ya je dubiya ba, ya ɗauki abin faɗa har jikokinsa. Balle Likita, wanda babu gidan da bai taɓa shiga da jakarsa ba. Washegari tun da sassafe aka shimfiɗa tabarmi daga zaure har ƙofar gida. Liman ya zo, mai unguwa ya zo. Malam Sama'ilu mai allo ya zo da rubutu cikin galan da garin hayaƙi a ƙunshe. Mata suka yi ta shigowa da kwanuka, kunun gyaɗa, fura da nono, farfesun kaza, a shekarar da mutane ke auna hatsi da gwangwani. Wani tsoho da Uwaisu ya ceto jikansa ya tako da sanda daga ƙauyen gaba, ya zauna ya yi ta kuka har sai da aka koma ba shi haƙuri.

Kowa ya zo sai ya durƙusa kusa da shi ya yi magana sannu-sannu, da ƙarfi, yana rarrabe kalmomi.

"Sannu. Ka gane ni? Ni ne Basiru, mai faci."

"Haba Basiru, jiya fa ka yi min facin taya. Ni lafiyata ƙalau."

"Haka suke cewa," wata tsohuwa ta raɗa wa ta kusa da ita, raɗar da aka ji har waje.

Da ya shiga ciki ya lura an kwashe wuƙaƙe, an ɗauke lauje, har igiyar shanya an kwance. Ya yi fushi, ya ɗaga murya, sai ya ga an kalli juna an gyaɗa kai, Malam Sama'ilu ya ƙara garin hayaƙi a kasko. Ya yi shiru, aka ce ka gani, ya daina magana. Ya yi dariya don abin ya wuce fushi, Luba ta fita da gudu tana salati.

Malam Tasi'u ya zo da la'asar, ya zauna nesa kaɗan.

"Kalma ɗaya na ba ka, Uwaisu. Alhamdulillahi. Yaron goye ma ya iya ta, kai ta gagare ka." Ya yi ajiyar zuciya. "Ka zauna a gida sai ka warware. Zan san abin da zan gaya wa na sama."

Asama'u ba ta samu zuwa ba sai bayan kwanaki, don aikin Uwaisu kanta ya koma. Ta shigo idanunta sun yi zuru-zuru, ta dubi jerin kwanukan, ta dubi Uwaisu kishingiɗe a kan filo ana yi masa fifita.

"Wallahi da na san haka abin yake, da ni ma na faɗi nawa," ta ce. "Kai ɗigar ruwa kake ji, ni kukan jarirai nake ji ko a salla." Sai ta yi sauri ta waiga ko wani ya ji. "A'a, ban ce komai ba. Ina da 'yan mata a gabana. Wa zai zo neman 'yar wadda aka ce ta taɓu?"

Ya tura mata kwanon farfesu. Ta ci cinya ɗaya, ta jingina da bango, barci ya kwashe ta da ƙashin a hannu.

Abin da zai ba ka haushi a labarin nan shi ne dubiyar ta yi aiki. Mutumin da aka hana shi zuwa ko'ina, aka cika masa ciki, aka kewaye shi da mutanen da ke ƙaunarsa, dole wata rana barci ya gaji ya dawo. Ya dawo kuwa. Uwaisu ya yi barci har ana tashinsa salla. Wata rana ya ɗora kai a cinyar Inna kamar yaro ya ba ta labarin yaran da suka mutu a hannunsa ɗaya bayan ɗaya, tana shafa kansa tana cewa ba kai ka kashe su ba, kwanansu ne ya ƙare. Ɗigar ruwan ta yi nisa, ta yi nisa, ta ɓace. Miyar Luba ta koma miya. Malam Sama'ilu ya ce rubutu ne, Inna ta ce addu'a ce, Uwaisu ya ja numfashi ya saki a hankali bai yi musu da kowa ba.

Ana fara yankan gero ya karɓi makullin babur ɗinsa ya koma aiki. Cutar ta lafa amma ba ta tafi ba. A hanya aka yi ta ɗago masa hannu daga gonaki kamar da, sai dai gaisuwar ta canja.

"Malam Uwaisu, ya ƙarfin jiki? Allah ya ƙara sauƙi!"

Bai ji Likita ko sau ɗaya ba har ya isa.

Ya sa farar rigarsa ya zauna a ɗakin allura ya jira. Layi ya miƙe a ƙofar Malam Tasi'u, mutumin da rabonsa da riƙe sirinji tun kafin a ba shi incaj. Ana jiyo ihun yara daga ofishin, amma ba wadda ta sauya layi. Uwaisu ya fito ya hango wata mata da ya kwana a kan ɗanta a farkon annobar, ya ce ta kawo yaron. Ta yi murmushi mai cike da tausayi, ta ja yaron ta cusa shi cikin hijabinta.

"A'a Malam, huta abinka. Kada mu tayar maka da shi."

Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya guje shi. Da ma zagi ne da ya san abin da zai ce. Kyautatawa ce ta kewaye shi ta ko'ina, har ya rasa ta inda zai fita. Malam Tasi'u, don kada albashin gwamnati ya tafi a banza, ya ajiye masa tebur a baranda ya ce ya riƙa yanka kati yana raba gidan sauro. Uwaisu ya zauna a teburin, baƙin ciki na cin sa. Ya gaya wa kansa cewa mutane mantuwa gare su, da sannu za su dawo.

Wataƙila da sun dawo ɗin, ba don Dakta Asiya mace ce mai cika alkawari ba. A tsarin aikinta ba a gama bincike a tafi, sai an dawo an gaya wa al'umma abin da aka gano. Ta dawo da majigi da ɗan injin wuta, aka share aji ɗaya a firamare, gari ya cika shi har tagogi. Ashe ta riƙa bugo wa Malam Tasi'u waya tana tambayar jikin Uwaisu, shi kuma ya ba ta labarin dubiya tas, har da yawan kajin. Wannan labari ya zama ƙashin bayan bincikenta.

Ta nuna zane-zane masu hawa da sauka, ta ce a duk asibitocin da ta zaga kusan kowa cewa ya yi lafiya lau, wanda ke nuna akwai ɓoyon ciwo. Mutane suka gyaɗa kai, don ba da su ake ba. Sannan ta ce amma a wani ƙauye ta ga abin koyi, inda jama'a suka tallafi ma'aikacinsu har ya samu sauƙi, kuma ta riga ta gabatar da wannan a wani babban taro an yi ta tafi.

"Saboda alkawarin sirri ba zan faɗi sunansa ba," ta ce. "Namiji ne, a wani asibiti mai ma'aikata maza biyu."

Malam Tasi'u ya miƙe zumbur. "Jama'a, don Allah a shaida, ba ni ba ne."

Aji gaba ɗaya ya juya ya kalli Uwaisu da ƙauna. Aka yi tafi. Mai unguwa ya tashi ya yi godiya a madadin gari, ya ɗauki alkawari a gaban Dakta cewa in Allah ya yarda za su ci gaba da lallaɓa bawan Allahn nan har ƙarshen rayuwarsa.

Uwaisu ya lallaɓa ya same ta tana naɗe waya.

"Dakta, don girman Allah ki gaya musu ba hauka ba ne. Ba wanda yake bari in taɓa ɗansa."

Fuskarta ta canja. Sai a lokacin ta gane abin da ƙofar nan rabi ta jawo, kuma ranta ya ɓaci ƙwarai. Ta ɗaga murya ta ce a dakata, kowa ya koma ya zauna. Ta yi musu bayani da iyakar gaskiyarta: wannan ba hauka ba ne, ba aljanu ba ne, ciwo ne kamar zazzaɓi, kowa na iya kamuwa, ana warkewa sarai, mutum ya koma aikinsa. Da yake malama ce ba ta iya faɗin rabin magana ba, sai ta ƙara da cewa yana iya dawowa idan aiki ya sake yin yawa, don haka a riƙa kula.

Mutane suka fita suna jinjina ilimin matar. Da can jita-jita ce ta matan awo. Yanzu kuwa babbar likita daga Kano ta faɗa da bakinta, a gaban majigi, cewa abin yana dawowa.

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, Uwaisu na zaune a teburinsa yana jera gidajen sauro, sai ya ji salatin da ko a tsakiyar kasuwa zai gane mai shi. Luba ce ta shigo da gudu ba takalmi, ɗauke da Ummi, 'yarsu ƙarama mai sunan Inna. Wuyan yarinyar ya langaɓe, idanunta sun faɗa, leɓenta ya bushe. Bai buƙaci a gaya masa komai ba.

Kafin Luba ta kai tabarma ya riga ya shiga ɗakin allura ya fito da ledar ruwa da allurarta, ya sa safar hannu, ya durƙusa.

"Kawo hannunta."

Luba ba ta miƙa ba. Ta ƙara ƙanƙame yarinyar, idonta ya wuce ta kansa yana neman ƙofar ofis.

"Luba, kawo hannunta."

"Malam, don Allah..." Hawaye na zubo mata. "Na san ka warke. Wallahi na sani. Amma Dakta ta ce yana dawowa. Bari dai incaj ya zo."

"Gaskiyarta," in ji wata mata daga benci. "Uba ba ya yi wa 'yarsa, ko da mai lafiya ne."

Uwaisu ya ji kamar ya fizge yarinyar. Sai ya hangi maza biyu da suka kawo nasu marasa lafiyar sun fara matsowa a hankali, hannuwansu a buɗe, fuskokinsu cike da tausayi. Ya san idan ya ɗaga murya danne shi za su yi, don ƙauna, a yi ta kokawa ana tofa masa addu'a, Ummi kuwa ba ta da wannan lokacin. Ya ja da baya. Da bakinsa ya ƙwala wa Malam Tasi'u kira.

Malam Tasi'u ya fito yana goge tabarau, ya ga ko 'yar wa ce, gumi ya karyo masa. Ya durƙusa ya ɗaure hannun, ya laluba, ya soka. Babu. Yarinyar ko motsi ba ta yi ba, ƙarfin kuka ma ya ƙare mata. Ƙarafan rataye ruwa duk suna kan wasu, reshen darbejiya kuma ya yi nisa, sai Asama'u ta ɗauki ledar ta danƙa wa Uwaisu ba tare da ta dubi idonsa ba.

"Riƙe wannan. Ɗaga sama."

Ya miƙe tsaye ya ɗaga. Daga inda yake yana ganin jijiyar, 'yar siririya a bayan hannun. Malam Tasi'u ya sake sokawa a gefenta.

"Malam, ƙasa kaɗan," in ji Uwaisu. "Wajen ƙaramin yatsa."

Wata tsohuwa ta taso daga benci ta dafa masa baya.

"Yi shiru, ɗan nan, kada ka tayar wa kanka. Ka ga ai kai ma kana taimakawa."

Uwaisu ya ƙara ɗaga ledar. Malam Tasi'u ya zare allurar, ya share gumi da hannun riga, ya ce a juyo masa ɗaya hannun.